Ina Tseren Motocin Dakar Ya Koma?

Takardar da mu ka ɗauko yau ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin albasa da dabino tsakanin Agadas da Maraɗi. Alhaji ya ce lokacin yana saurayi, da hunturu ya kama sai Turawa su cika garin Agadas da motoci da babura masu ruri, su kwana ɗaya ko biyu, su tada ƙura su wuce, ana ce da abin Paris-Dakar. Ya ce yau shekara da shekaru rabonsa da su, kuma wani ɗansa ya gaya masa wai sun koma Amurka ta Kudu. Shi ne ya ke tambaya, shin gaskiya ne? Akwai hamada a can irin tamu? In kuwa Dakar a Senegal ta ke, me ya kai sunanta wata nahiya?

To Alhaji, mun gode da wannan takarda. Yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin nasa ya ɗan kwana biyu. An yi wannan tsere a Amurka ta Kudu har sau 11, daga 2009 zuwa 2019, sa'an nan aka sake ɗauke shi. Amma bari mu faro daga tushe, saboda masu sauraron da ba su taɓa ganin abin ba.

Wani saurayi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine shi ya ƙirƙiro shi. A 1977 ya shiga wani tseren babura daga Abijan zuwa Faransa, ya ɓace a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya, da ƙyar aka tsinto shi da rai. Wani da ya sha wannan wuya sai ya yi rantsuwa shi da rairayi har abada. Shi kuwa gogan naka komawa gida ya yi ya shirya tsere na kansa. Ran 26 ga watan Disamba 1978 motoci da babura 182 su ka tashi daga Paris, su ka bi ta Aljeriya, Agadas, Yamai, Gawo da Bamako, tafiyar kimanin kilomita 10,000. Guda 74 kaɗai su ka ga Dakar. Shi Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali ran 14 ga Janairu 1986, ana cikin tseren. Aka ƙona gawarsa, aka kai tokar gindin wata itaciya da ke tsaye ita kaɗai a Tenere.

Abin da ya raba ku da su, Alhaji, rashin tsaro ne. Tun a shekarar 2000 an yi musu kashedin hari, su ka fasa ratsa arewacin Nijar, aka kwashe motocin cikin manyan jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. Sa'an nan ran 24 ga Disamba 2007 aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido kusa da garin Aleg a Muritaniya. Motocin tseren 2008 sun riga sun hallara a Lisbon ta ƙasar Fotugal, saura kwana ɗaya a tashi, sai kamfanin Amaury mai shirya tseren ya ce an fasa. Kai da ka ke fatauci ka san ayari ba ya bin hanyar da aka ce akwai 'yan kwanta-kwanta. Kuma ka san mai kanti in ya tashi daga wata kasuwa zuwa wata, da allon sunansa ya ke tafiya, don shi masu ciniki su ka sani. Dalilin da ya sa ke nan sunan Dakar ya ƙetare teku.

Ƙasashen Ajantina da Cile su ka karɓe su hannu biyu-biyu. Mutanen Ajantina dama masu son tseren mota ne tun kakanni. A 1948 sun taɓa yin wani daga Buwenos Aires har Karakas ta ƙasar Benezuwela, fiye da kilomita 9,000 bisa hanyoyin burji da duwatsu. A cikinsa ne shahararren direbansu Juan Manuel Fangio ya kife da dare a ƙasar Peru, abokin tafiyarsa Daniel Urrutia ya rasu. Saboda haka da motoci da babura da manyan motoci kimanin 500 su ka tashi daga Buwenos Aires ran 3 ga Janairu 2009, jama'ar da ta fito kallo ba ta ƙidayuwa.

Yanzu sai maganar hamadar. Sunanta Atakama, ta na arewacin Cile, siririya ce doguwa, ta kai kilomita 1,000, ta matse tsakanin tekun Fasifik ta yamma da duwatsun Andis ta gabas. In ana maganar ƙarancin ruwan sama, Sahara ƙanwarta ce. A garin Arika, can iyakar Cile da Peru, in aka yi lissafin shekaru, ruwan da ke sauka a shekara bai cika milimita 1 ba. Watau ruwa ɗaya mai kyau da za a yi a Katsina ko Damagaram daren Agusta, wanda manomi zai tashi ya ce yau ƙasa ta ƙoshi, ya fi abin da mutumin Arika zai gani a shekara 20 ko 30.

Za ka ce ƙasa na bakin teku, ina ruwan ya tafi? Dalili biyu ne manya. Na farko, hadarin da ke tasowa daga gabas, daga dazuzzukan Amazon, in ya iso duwatsun Andis sai ya kasa haurawa, ya juye ruwansa a wancan ɓangare. Na biyu, ruwan tekun da ke bin gaɓar Cile mai sanyi ne ƙwarai, daga ƙuryar kudancin duniya ya ke gangarowa, ruwan sanyi kuwa ba ya tada tururin da zai hau sama ya zama hadari. Abin da ya ke haifarwa shi ne wani farin hazo mai laima da ke kwanciya a kan tudu da safe, su na kiransa kamancaka. Har akwai ƙauyukan da ke kafa raga a kan tudu su na tatsar ruwa daga jikinsa.

Manoma, ga abin da zai ba ku mamaki: wannan ƙasa da ko ƙaya ba ta fitarwa, ita ta taɓa ciyar da gonakin Turai. A ƙarƙashinta akwai wani farin ma'adini mai kama da kanwa, wanda a ke yin takin zamani da albarushi da shi. A kansa Cile ta yaƙi Peru da Bolibiya daga 1879, ta ƙwace yankin, Bolibiya ta rasa bakin tekunta har yau. Daga baya Jamusawa su ka gano yadda za a haɗa irin wannan taki a masana'anta, kasuwa ta faɗi, garuruwan ma'adinin su ka zama kufai. Ɗaya daga cikinsu, Humberstone, an rufe shi a 1960, yana nan kusa da garin Ikike, a yankin da motocin tsere su ka riƙa ratsawa.

To yaya a ke tuƙa mota a irin wannan wuri? Da farko a sani ba wanda ya riga isa gari a ke ba kambi ba. Kowace rana akwai zangonta, akan yi mako biyu ana tafiya da hutun kwana ɗaya a tsakiya. A cikin zangon akwai wurin da a ke bin kwalta a hankali tare da sauran motocin jama'a, akwai kuma wurin da a ke shiga daji a danna agogo. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazarar mintoci. A ƙarshe a tara sa'o'in kowa, mai mafi ƙaranci shi ya ci.

Mutum biyu ne a mota. Direba na riƙe da sitiyari, na gefensa kuwa shi ne jagaba, kamar dai mai nuna hanya a ayarin gishirin Bilma. A zamanin Amurka ta Kudu, da yamma a ke ba jagaba littafin hanyar gobe, ya raba dare yana yi masa alamu da alƙaluma masu launi. Littafin ba taswira ba ne. Zane-zane ne ƙanana da lambobi: bayan kilomita kaza akwai busasshen rafi, ka karkata dama, ka fuskanci kusurwa kaza, a yi hattara akwai rami. Akwai na'urar tauraron ɗan'adam a motar, amma an kulle ta, ba ta nuna hanya. An kuma ɓoye wasu wurare a dajin da dole mota ta bi ta kansu, na'urar ba ta farkawa sai an matso kusa. Wanda ya tsallake ɗaya a ƙara masa lokaci, wanda ya tsallake da yawa a kore shi. Direba yana gudu, mota na tsalle a gargada, jagaba kansa a sunkuye yana karatu da ƙarfi. Ni kam da aka ce in zaɓa, gara in riƙe sitiyarin.

Tudun rairayi kuwa yana da nasa karatu. Kafin a shiga sai a rage iskar taya don ta baje, kamar tafin raƙumi. A hau da ƙarfi, amma daf da ƙoƙuwar tudun a ɗaga ƙafa daga totur, domin ba ka san abin da ke bayansa ba. Wanda ya ɗaga da wuri, cikin motar ya zauna a kan tudu tayoyi na lilo, sai shebur da faranti na ƙarfe da a ke turawa ƙarƙashin taya. Wanda bai ɗaga ba ya tashi sama ya dira da hanci. Da safe rairayi na da ɗan ƙarfi, da rana ta take sai ya saki, inuwa kuma ta ɓace, ido ya kasa raba tudu da kwari. Duk wannan direbobin sun san shi tun daga Muritaniya da Tenere. Haka nan wata ƙasa mai laushi kamar toka da su ke kira fesh-fesh, wadda ke haɗiye taya, ta toshe matatar iskar inji, ta rufe ido har ba ka ganin hancin motarka.

Abin da Sahara ba ta koya musu ba shi ne tsawo. Don a shiga Atakama daga Ajantina dole a haura Andis, kuma mashigar San Faransisko da su ka sha bi ta kai mita 4,700 daga bakin teku. Ka kwatanta, dutsen Bagzan na Abzin mita 2,000 ne da 'yan kai, garin Jos da mu ke kuka da sanyinsa kimanin 1,200 ne. A can sama iska ba ta da kauri. Mutum ya yi ta haki, kai na sarawa, barci na fizgarsa a kan sitiyari, har likitoci na ajiye tulun iskar shaƙa a hanya. Inji ma shaƙa ya ke yi kamar mutum: wanda ba shi da na'urar cusa iska yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 1,000. Ga shi kuma Janairu a can tsakiyar bazara ne. Lokacin da na ke koyarwa a firamare, sai na ɗauko ƙwallon duniya da fitila kafin yara su yarda cewa mu na hunturu wasu na zufa. Direba zai kwana a Fiyambala ta Ajantina inda zafi ke haura awo 40, kafin hantsi ya tarar da kansa inda ruwa ke daskarewa, da yamma ya gangara hamada.

Tseren farko, na 2009, ya isa misali. Mutum biyu aka sa wa ido. Ɗaya Nasser Al-Attiyah na ƙasar Katar, a cikin BMW. Yana kan gaba a zango na 6 injinsa ya soma zafi, ya kauce wa tudun rairayi don ya ceci motar, ya tsallake wuraren da aka ɓoye, aka kore shi. Ɗayan Carlos Sainz na ƙasar Sifen, wanda ya taɓa cin kambin duniya sau biyu a wani irin tseren, yana tuƙa Volkswagen. Shi ya gagari kowa a Atakama. A Kopiyapo, garin da shekara guda bayan haka mahaƙa 33 su ka yi kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa aka fito da su da rai, hazon nan na safe ya hana jirage masu saukar ungulu tashi, in kuwa ba su tashi ba ba a sakin kowa, don su ne motar asibiti. Aka jinkirta, aka rage zangon, Sainz ya sake cinyewa. Ya koma Ajantina da ratar kusan rabin sa'a, saura zango uku. A zango na 12, bayan Fiyambala, sai motarsa ta rufta cikin wani busasshen kwazazzabo ta kife, jagabansa Michel Périn ya ji ciwo a kafaɗa, tafiya ta ƙare nan.

Wanda ya ci shi ne Giniel de Villiers, mutumin Afirka ta Kudu, tare da jagabansa Bajamushe Dirk von Zitzewitz. Bai fi Sainz gudu ba, amma bai ɓata ba, bai fasa mota ba. Sauri dai ya haifi nawa. Abin dariya a nan, shekara 30 ana tseren a Afirka ɗan Afirka bai taɓa cin ɓangaren ƙananan motoci ba, sai da aka bar nahiyar. Kuma wannan ne karon farko da mota mai shan man gas ta ci.

Sainz ya rama a 2010, ya ci da ratar minti 2 da daƙiƙa 12 kacal a kan Al-Attiyah, bayan tafiyar mako biyu. A 2011 Al-Attiyah ya karɓa, ya zama Balarabe na farko da ya ci. Mutumin nan maharbi ne kuma, har ya samo wa Katar lambar tagulla a harbin bindiga a wasannin Olamfik na Landan a 2012. Bafaranshe Stéphane Peterhansel, wanda tun zamanin Agadas ya ke cin tseren a kan babur, ya ci sau huɗu a can, 2012 da 2013 a Mini, 2016 da 2017 a Peugeot. Masu Peugeot 504 na haya za su so jin wannan: motar da ta ci ɗin tayoyin baya kaɗai ke ja, amma doka ta yarje mata manyan tayoyi da rage iska ko ƙara ta daga cikin mota ba tare da an tsaya ba, tankinta kuwa na cin kusan durom biyu.

Wurin da 'yan kallo su ka fi so shi ne gangaren Ikike. Bayan yini guda a hamada, sai mota ta ɓullo bisa wani ƙaton tudu, teku shuɗi shar a ƙasa, zango na bakin ruwa, a sako ta gangare fiye da kilomita 2 ba lanƙwasa. Wurin da kanikawa su ka fi tsana kuwa shi ne Uyuni ta Bolibiya, wani fili na gishiri zalla da ya haura murabba'in kilomita 10,000, a tsawon mita 3,600. A 2015 an bi da babura ta kansa bayan an yi ruwa, ruwan gishiri ya shiga wayoyi da lagireto, babura su ka yi ta mutuwa, har wanda ke kan gaba, Joan Barreda, sai janyo shi aka yi da igiya. Irin wannan zango kuma sau da yawa an hana kanikawa zuwa, direba da jagaba su za su kwana ƙarƙashin mota da sifana. Peru, wadda ta shigo a 2012, ita ke da rairayi mafi laushi. A 2018 ya haɗiye Sébastien Loeb, mai kambin duniya tara, motarsa ta faɗa rami tsakanin tudu biyu, jagabansa ya ji rauni, su ka janye.

Kada daɗin labari ya sa mu manta da waɗanda ba su koma gida ba. Tun a zango na 2 na 2009 wani Bafaranshe mai babur, Pascal Terry, mai ya ƙare masa a daji, ya danna na'urar neman agaji, saƙon bai isa inda ya kamata da wuri ba, sai bayan kwana uku aka tarar da gawarsa. A 2015 ɗan ƙasar Folan, Michal Hernik, zafi da ƙishirwa su ka kashe shi a Ajantina. Waɗannan dai sun sa hannu a takarda sun san abin da su ka shiga. Wanda ya fi taɓa ni shi ne wanda bai sa hannu ba. A 2010 mota ta kauce ta afka cikin 'yan kallo a lardin Kordoba, wata mata ta rasu, kamar yadda a 2006 aka take yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. An sa dokar tafiya a hankali cikin ƙauyuka, na'ura na lura da mai karya ta, amma ba ta hana komai da komai ba.

Mutanen Cile na da wani kuka na dabam. Ƙasar da ba a ruwa, sawu ba ya gogewa. A jikin tudun Atakama akwai manyan zane-zane da mutanen da su ka yi da duwatsu, da hanyoyin ayarinsu na dabbar lama, da makwantansu, wasu sun haura shekara 1,000 su na nan kamar jiya. Masanan kayan tarihi na ƙasar, har da hukumar da ke kula da su, sun yi ta ƙorafi cewa tayoyin tseren sun tattake wurare da yawa irin waɗannan. A Tenere iska ɗaya ta isa ta share sawun mota 100. A can kuwa jikokinsu ma za su gani.

Ƙarshen zaman nasu kuwa, Alhaji, maganar ciniki ce. Gwamnatocin can biyan kamfanin su ke yi miliyoyin daloli don ya kawo tseren, bisa fatan duniya za ta ga ƙasarsu a talabijin baƙi su zo. A watan Maris 2015 wani ruwa da ba a saba gani ba ya sauka a Atakama, ambaliya ta yi ɓarna a Kopiyapo da kewaye, Cile ta ce kuɗinta na gyara ne, ta janye, ba ta kuma sake dawowa ba. Ajantina ta shiga matsin tattalin arziki, da Bolibiya kuma ba a daidaita ba. A 2019 Peru kaɗai ta rage, aka tashi daga Lima aka dawo Lima, Al-Attiyah ya ci a Toyota, karon farko ga wannan kamfani. Daga 2020 aka koma Saudiyya, aka faro daga Jidda, da sunan Dakar ɗin dai.

In kuwa kewar motocin ce ta dame ka, tun bayan tashinsu wasu tsofaffin gwanayen tseren sun shirya wani ƙarami da su ke kira Africa Eco Race, wanda ke bi ta Maroko da Muritaniya ya ƙare a Dakar ta gaskiya, sai dai ba ya biyowa ta Agadas. Da fatan Alhaji ya gamsu. A gaishe mana da yaron da ya kawo labari da sauran abokan fatauci, Allah ya ba da kasuwa. Masu tambaya a ci gaba da aiko da takardu, a kuma riƙa rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu.